SHIN ANA SAYEN KAƊAICI DA KUƊI?

Wata al'ada ta shigo mana a 'yan shekarun nan, wadda tun tana ta Turawa da 'yan yawon buɗe ido har ta fara kama 'yan bokonmu masu abin hannu. Watau mutum ya bar gari da hayaniyarsa, ya nausa can wani lungu a gindin duwatsu, ya kama hayar ɗan ɗakin katako ko bukka wadda babu maƙwabci kusa da ita, ya yi kwana uku ko mako guda shi kaɗai, ko shi da mai ɗakinsa, sa'an nan ya dawo yana cewa ya huta. Tun da aka kafa kamfanin Airbnb a Amurka a 2008 abin ya ƙara sauƙi, domin daga kan wayarka za ka ga hoton ɗakin, ka ga dutsen da ke bayansa, ka biya kuɗi, duk ba tare da ka yi magana da wani mahaluƙi ba. Masu tallan irin waɗannan ɗakuna kuwa, babban abin da suke yi wa kirari shi ne nisansu da mutane.

To, ni ɗalibin Hausa ne, saboda haka abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne harshe. Bahaushe yana da kalmar kaɗaici, amma kalmar tausayi ce. In aka ce wance tana fama da kaɗaici, ana nufin 'ya'ya sun watse, ko miji ya rasu, ya kamata a riƙa leƙa ta. Yana da kewa, ita ma ciwo ce. Yana da halwa, wadda ta malamai ce da masu neman kusanci ga Ubangiji, tana da sharuɗɗanta, ba a kuma biyan kuɗin ɗaki a kanta. Wanda ya ware kansa haka kawai ba dalili kuwa, sai a ce ba ya son mutane, kuma kowa ya san wannan magana a ƙasar Hausa ta kusa zama zagi. Yaya aka yi abin da kakanninmu suke yi wa mutum jaje a kansa ya zama haja har ana cinikinsa? Shin mutum yana da ikon ya guje wa mutane? In kuwa yana da shi, me ya saya da kuɗin da ya biya?

Bari in fara da bai wa mai gudun haƙƙinsa, don kada a ce na yanke hukunci ban saurari ɓangarensa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ɗalibai wanda aka gina don mutum huɗu amma mutum takwas suke cikinsa, ya san darajar shiru. Wannan yana haddar karatu da ƙarfi, wancan yana soya manja a risho, wani kuma ya tashi gardamar ƙwallo da ƙarfe ɗayan dare. A gida ma haka abin yake, domin zaman Bahaushe zama ne na ƙofa a buɗe. Sallama ba ta yankewa, yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi ta'aziyya, ga dubiya, ga ɗan'uwan da ya zo daga ƙauye bai faɗi ranar komawa ba. Da can in ka yi tafiya ka tsira na ɗan lokaci, yanzu kuwa waya ta bi ka har cikin bargo. Alhali tunani kamar ruwan tafki yake, sai an daina dama shi yake kwantawa a ga ƙasansa. Ba sai na kawo zancen kogon Hira ba, kowa ya san shi, kuma matsayinsa ya wuce a haɗa shi da hutun ƙarshen mako. Amma mu dubi Imam Gazali. A 1095, yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya ajiye koyarwa ya tafi Dimashƙa ya keɓe kansa, kuma bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai a 1106, a Naisabur. A wannan tsakani ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini. Wa zai ce wannan keɓewa asara ce? Don haka ni ban ga laifin marmarin shiru ba, kuma duk wanda ya ce Bahaushen ƙwarai ba ya gajiya da mutane, to bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai zaɓen dutse a matsayin wurin hutawa shi ne sabon abu. Dutse a wurin kakanninmu ko dai mazaunin iskoki ne, ko mafaka. Tarihin Kano ya nuna mana Barbushe da dutsen Dala, wurin da ba kowa yake kusanta ba. A wajen tsakiyar ƙarni na 19, da Malam Hamza da jama'arsa suka saɓa da hukumar Kano a kan haraji, duwatsun Ningi suka nufa daga Tsakuwa. Mutanen duwatsun Mandara kuwa, irin na Sukur, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, sun sassaƙa gonaki hawa-hawa a jikin dutse, kuma tsaunin ya kasance garkuwarsu daga mahara, har zuwa zamanin Hamman Yaji na Madagali wanda Turawa suka tuɓe a 1927. Wanda ya hau dutse a wancan zamani da iyalinsa ya hau, da awakinsa, da irin shukarsa, kuma tsoro ne ya kai shi. Turawan ma ba su daɗe da fara ƙaunar dutse ba. Har cikin ƙarni na 18 yawancinsu suna ɗaukar tsaunukan Alps wurin haɗari ne wanda matafiyi yake ƙetarewa yana addu'a. Sai a 1786 aka fara hawa ƙololuwar Mont Blanc, a 1863 kuma Thomas Cook ya kai ayarinsa na farko na 'yan yawon shaƙatawa ƙasar Suwizalan, daidai lokacin da masana'antu suka turnuƙe biranen Ingila da hayaƙi. Abin dariya ma shi ne, kalmar da suke kiran ɗakin hutun da ita, watau shale, asalinta sunan bukkar makiyaya ne, inda suke zama da shanunsu a kan dutse lokacin zafi suna yin cuku. Ashe ruga ce aka yi wa fenti, aka fitar da shanu, aka sa mata kuɗin kwana.

A nan ƙasarmu, in ana zancen duwatsu da sanyi da nisa, babu kamar tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Tudu ne mai faɗi wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga teku, kuma a kusa da shi, a kan iyakar Kamaru, Cappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Daga Jalingo sai ka bi ta Bali, ka wuce Serti inda hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, sa'an nan daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse kamar rawani, mota tana nishi, har ka ɓulla Maisamari, ka wuce Nguroje, ka isa Gembu. Yankin ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus, daga baya Ingila ta riƙe shi amana, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ya tabbata cikin Nijeriya. Can ne gonar shayi ta Kakara take. In ka hau sama, abin da za ka gani tuddai ne masu ciyawa, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganinka, da layukan itacen zaiti, da garken shanu can nesa kamar an watsa farin wake.

A hutun ƙarshen shekarar 2023 na raka wani kawuna likitan dabbobi zuwa can. Ya kama mana hayar wani ɗan gida na katako da kwano a bayan Nguroje, irin wanda ake tanada don baƙi, sa'an nan ya shiga rugage wurin aikinsa ya bar ni kwana uku. Haƙiƙa ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Waya ba ta kamawa sai ka hau wani tudu. Da asuba hazo yakan cika kwari har ka ga kamar gidan yana yawo a kan auduga, da dare kuwa sanyi ya sa ka haɗa bargo biyu. Na karanta a kwana ukun nan abin da ban karanta ba a wata guda a makaranta. In da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce kowa ya tara kuɗi ya tafi.

Amma kullum in na buɗe ƙofa da safe sai in tarar da jarka biyu cike da ruwa, da ƙullin itacen zaiti a faskare, da ƙwaryar nono a rufe da faifai. Ban ji sallama ba, ban ji motsi ba. Rana ta biyu na tashi da wuri na ga mai kawo ruwan, wata yarinya ce da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta hauro da shi daga idon ruwa can ƙasan kwari, hawan da ni ko ba kaya sai na tsaya na huta a tsakiyarsa. Na tambayi maigadi, wani dattijo Bamambile mai jin Hausa da Fillanci, na ce, "Baba, me ya sa ba sa tsayawa mu gaisa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai haka aka ce mana. Baƙin da ke zuwa nan hutawa suka zo yi, ba sa son a dame su da gaisuwa." Na zauna na ƙirga. Da mai ruwa, da mai itace, da mai nono, da matar da ta wanke barguna, da yaron da yake goge ƙurar farantin sola, da ɗan acaɓan da ke kawo burodi daga gari, da shi Baba da yake kwana a farke cikin sanyi, mutum bakwai ke nan suke ɗauke da kaɗaicin mutum ɗaya.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba. Mutane suna nan, ba su je ko'ina ba. Hasali ma a gida ban taɓa samun mutum bakwai suna yi mini hidima ba. Abin da kuɗin haya ya saya shi ne su yi aikin su ɓace, kada in gan su, kada su ɗora mini nauyin komai. A gida wanda ya kawo maka ruwa zai tsaya, ka tambaye shi gajiya, ya gaya maka mahaifiyarsa ba ta da lafiya, daga nan kuma ka san dole ka je dubiya, wataƙila ma ka sa hannu a aljihu. A ɗakin haya an yanke wannan igiya tun daga tushe. Ruwan yana zuwa, labarin mahaifiyar ba ya zuwa. Saboda haka a ganina mai zuwa irin wannan wuri hidimar mutane bai guje mata ba, haƙƙinsu ya guje wa.

Dubi bambancin baƙo da ɗan haya. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, kuma ya san masauki. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro suna sauka a Salaga wurin fatoma, wanda zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye da sayarwa, ya tsaya musu in rigima ta tashi. Shi ma fatoma yana samun la'adarsa, ba sadaka yake yi ba. Amma ciniki bai kashe zumunci ba, domin ɗan falke yakan sauka inda ubansa ya sauka, ya zo da tsaraba, ya san sunayen 'ya'yan gidan. Baƙo yana da haƙƙi, kuma akwai haƙƙi a kansa: ya yi sallama, ya ci abin da aka ba shi, ya gai da mai gari, ya yi ban kwana in zai tafi. An ce baƙo raɓa ne, to amma ita raɓa ko ba ta daɗe ba tana jiƙa ciyawar da ta sauka a kai. Ɗan haya na zamani ko wannan ba ya yi. Yana iya zuwa ya tafi bai san ko da sunan ƙauyen da yake hangowa ta taga ba.

Kada a ce wannan halin 'yan bokonmu ne kawai. Mutumin da Turawa suke ɗauka uban masu zaman bukka shi ne Henry Thoreau na Amurka. Ranar 4 ga Yuli, 1845, ya tare a wata bukka da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, ya zauna shekara biyu da wata biyu, ya kuma rubuta littafi a kan zaman, wanda ya fito a 1854. Har lissafin kuɗin ginin ya kawo, dala 28 da 'yan kai. Littafin yana da daɗi, kuma mutumin ba maƙaryaci ba ne, domin shi da kansa ya faɗa cewa yakan taka zuwa garin Konkod a kai a kai ya ji labarai. Amma masu yi masa kirari sukan manta cewa filin na abokinsa Emerson ne, garin bai kai tafiyar sa'a guda ba, gidan iyayensa yana can, kuma jirgin ƙasa yana wucewa ta gefen tafkin. Ko gatarin da ya fara sare itace da shi aro ya yi. In har wanda ya gina ɗakinsa da hannunsa ya noma wakensa bai fita daga hannun mutane ba, ina ga wanda ya tarar da gado a shimfiɗe?

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi, watau ƙasar da ake kallo. Mai hutu yana zaune a baranda da kofin shayi yana cewa, kai, wannan wuri babu kowa, Allah ya yi halitta. Alhali babu taƙi ɗaya a tuddan nan da ba shi da mai shi, ko ma masu shi biyu da suke jayayya. Rashin ƙudan tsando da yawan ciyawa sun jawo makiyaya suka yawaita a Mambila tun wajen tsakiyar ƙarni na 20, manoman Mambila kuwa suna cikin kwaruruka da gonakinsu tun kafin nan. Shingen wayar da yake ratsa tudu, wanda baƙo zai ɗauka hoto ya ce ya yi kyau, wata iyaka ce da wani yake ganin an zalunce shi a kanta. An zub da jini a wannan tsauni a 2002, an sake zubarwa a watan Yunin 2017, rayuka da dukiya masu yawa suka salwanta. Ba ina cewa mai hutu ne ya jawo ba. Ina cewa idon da ya koyi ganin ƙasa ba mutane ido ne mai haɗari. A Amurka, kwarin Yosemiti wanda yanzu miliyoyin mutane suke zuwa kallonsa, sai da 'yan bindiga suka fatattaki mazaunansa na asali a 1851 kafin ya zama wurin da ake cewa hannun ɗan Adam bai taɓa ba. A gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, an dai bar wasu yankuna a kan tuddai inda makiyaya da manoma suke zaune a cikinsa, abin da ya nuna cewa ko dajin da ya fi kowane girma a gandayen ƙasar nan ba kango ba ne.

Na san abin da wani zai ce, domin wani abokina ɗan sashen tattalin arziki ya riga ya faɗa mini, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce haya halal ce, an yi ciniki, kowa ya yarda. Yarinyar nan da kuɗin ruwan za a saya mata littafi. Baba maigadi albashinsa yake so, ba abotar wani ɗan jami'a da zai tafi jibi ba. Ya ƙara da cewa wannan baƙunci na gargajiya da nake yabo shi ma yana da nasa zalunci, domin talaka yakan yanka kazarsa guda ɗaya saboda kunyar baƙo, matar gida ta kwana tana daka, ba a kuma biya ta ko sisi ba. Kuɗi ya 'yanta mai masauki daga wannan kunya. Har ila yau, baƙon da ya nace sai ya shiga gidan kowa ya ji damuwar kowa don ransa ya yi sanyi, shi ma kaya ne a kan mutane. Duk na yarda. In da za a hana baƙi zuwa Mambila saboda rubutuna, da mutum bakwai ɗin nan ne za su fara tsine mini.

Amma lada ta biya aiki ne kawai. Ba ta mai da mai aikin iska ba. Umurnin nan da aka ba su, cewa su zo kafin baƙo ya farka su tafi ba sallama, ba ya cikin ɗaukar ruwa ko faskaren itace, wani abu ne daban aka ƙara, kuma shi ne ainihin hajar da ake sayarwa. A wurin mutanen da gaisuwa take daidai da shaidar cewa kai mutum ne, a ce ka yi hidima ka wuce kamar aljani, wannan ragi ne a mutunci ko da an biya. Sa'an nan cutarwar ba a kansu ta tsaya ba, tana komawa kan shi mai hutun. Zai sauko daga dutse da wani darasi na ƙarya, wai ya zauna shi kaɗai kuma ya ji daɗi, saboda haka mutane su ne matsalarsa. Gazali da ya yi babi guda a kan keɓewa a cikin Ihya, ya lissafa mata amfani shida, ya kuma lissafa abubuwa bakwai da mai keɓewa yake asara, cikinsu har da koyon haƙuri da tawali'u da gogewa, waɗanda ba a samunsu sai an cuɗanya. Ya kuma nuna cewa niyyar farko ta mai keɓewa ita ce ya kare mutane daga sharrin kansa, kafin ya zo ga kare kansa daga nasu. Ku duba tallan ɗakunan hutu ku gani ko akwai wanda ya fara da wannan niyya. Mutum yana iya zama mai haƙuri ƙwarai a inda babu mai taka shi, kamar yadda kowa gwani ne a kokawa in babu abokin karawa.

Me ya sa na damu da wannan har na cika shafuka? Saboda mu da muke wannan makaranta mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin filaye da na yawon buɗe ido, mu ne za mu sa hannu a takarda. Wanda ya saba da cewa kwanciyar hankali ita ce rashin ganin talaka, ran da aka kawo masa taswirar wani otal a kan tudu, aka ce akwai wata ruga ko wani ƙauye da ya tare kyan wurin, hannunsa ba zai yi rawa ba. Mun ma taɓa ganin irin wannan. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta sa a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don tsoron sauro da cuta. Amma kuku da boyi da mai ban ruwan fulawa suna ƙetare filin kullum. Turawan sun tafi a 1960, mu kuma muka gaji unguwannin da halin, muka ƙara tsawon katanga.

Wani bashin kuma yana can gida. Duk wanda ya tafi dutse ya kashe waya, wani ne ya ɗauki sallamar da ya bari. Matarsa ce za ta karɓi baƙi, ƙanensa ne zai je jana'iza a madadinsa, ƙanwarsa ce za ta kwana da tsohuwa a asibiti. Na lura kuma cewa waɗanda suka fi kowa bukatar kwana uku na shiru su ne waɗanda ba za su taɓa samu ba. Uwar 'ya'ya shida wadda ko a banɗaki ana ƙwanƙwasa mata ƙofa, wa ya taɓa kama mata ɗaki a Nguroje? Shi Gazali kafin ya bar Bagadaza sai da ya tanadi abin da 'ya'yansa za su ci. A nawa ra'ayi, mutum yana da ikon ya keɓe, amma iko ne irin na aro, daga hannun waɗanda za su riƙe masa wurinsa, kuma alamar mai gaskiya ita ce ran da wani a gidan ya ce shi ma ya gaji, ya ce masa tafi, ni zan riƙe.

Ko akwai yadda za a yi ɗakin dutse ba tare da wannan ruɗi ba? Akwai wani tsari a ƙasar Norwe da ya burge ni. Wata ƙungiyar masu tafiya a ƙasa da aka kafa a 1868 tana da ɗakuna fiye da 500 a cikin duwatsu da dazuzzukan ƙasar, kuma da yawa daga cikinsu babu ma'aikaci ko ɗaya. Mabuɗi iri ɗaya ne yake buɗe su. A wasu akwai ɗakin ajiyar abinci, ka ɗauki abin da kake so, ka lissafa da kanka, ka biya, babu mai tsaronka. Kai za ka ɗebo ruwanka a rafi, kai za ka hura wuta, in za ka tafi ka share ɗaki, ka wanke kwanuka, ka shigo da itace domin wanda zai zo bayanka a jiƙe cikin dare ya sami abin kunnawa. Ba ka kuma da ikon cewa ɗakin naka ne kai kaɗai, domin wani matafiyi yana iya turo ƙofa a kowane lokaci, ku kwana tare ba ku san juna ba. Ban ce Norwe aljanna ba ce, kuma ƙasa ce mai arziki, abin da ya yiwu can ba lalle ya yiwu a Gembu gobe ba. Amma abin ya tuna mini da randar da ake girkewa a ƙofar gida a garuruwanmu domin mai wucewa, wanda mai gidan ba zai taɓa saninsa ba. A kowane ɗaki kuma akwai littafi a ajiye. Ko da ka tarar babu kowa, ƙa'ida ce da zarar ka shiga ka rubuta sunanka, da inda ka fito, da inda ka nufa gobe, domin in ka ɓata a cikin ƙanƙara masu nema su san daga inda za su fara.